Yadda ake saka kasafin kuɗi a Microsoft Project, a kuma bi sawunsa har ƙarshen aiki

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau Microsoft Project za mu buɗe, wannan tsohuwar manhaja da take nan tun 1984 kuma har yanzu injiniyoyi da 'yan kwangila ba su rabu da ita ba. Misalin da zan yi amfani da shi ƙarami ne, a ce an ba ka aikin zagaye fili da katanga da gina shago biyu a gaba, mai aikin ya ce naira miliyan 5 gare shi, ko sisi ba zai ƙara ba. Duk kuɗaɗen da za ku ji na ambata na misali ne fa, kowa ya saka farashin kasuwarsu.

Da farko ka shiga File, ka je Options, sai Display, a nan za ka canza alamar kuɗi zuwa naira, in a Nijar kake ka sa sefa. Sannan ka leƙa kalandar aiki, don ita manhajar ɗauka take Litinin zuwa Juma'a ake aiki, awa 8 a rana, alhali mun san leburori har Asabar suna fita, ranar Juma'a kuma ana tashi a tafi masallaci, to ka gyara wannan a Change Working Time tun yanzu.

Yanzu mu je Resource Sheet, nan ne ake zuba duk abin da zai ci kuɗi, kuma iri uku ne. Mutane irin su birkila da lebura Work ake sa musu. Kaya irin su siminti, bulo, rodi, yashi, su kuma Material ne, sai ka rubuta ma'auninsu, siminti buhu, yashi tifa, ka sa farashin guda ɗaya. Na ukun Cost, shi na irin kuɗin dako ne ko kuɗin mota, ba shi da farashi tsayayye, sai lokacin da ka maƙala shi a jikin wani aiki za ka rubuta nawa ne.

Toh a nan ku tsaya ku ji da kyau, wallahi mutane da yawa nan suke faɗawa rami. In birkila dubu 8 yake karɓa a wuni, kar ka rubuta 8000 kawai ka wuce, manhajar za ta ɗauka kuɗin awa ɗaya ne, ka ga ta ninka sau 8 kenan, birkilanka ya koma mai cin dubu 64 a rana, ka zo kana ta mamakin yadda katanga ta fi gidan bene tsada. Rubuta 8000/d, wannan harafin na ƙarshe shi ne yake gaya mata na wuni ne.

Aikin jinga fa? A ce kafinta ya ce dubu 300 zai yi rufin shagunan gaba ɗaya, ba ruwansa da kwana nawa zai ɗauka. Wannan a teburin Cost ake saka shi, ƙarƙashin Fixed Cost, kuma kusa da shi akwai inda za ka zaɓa ko a farko kuɗin zai fita, ko a ƙarshe, ko a hankali yadda aikin yake tafiya. In irin masu cewa sai an ba su duka kafin su taɓa guduma ne ka zaɓi Start.

Ita kuma miliyan 5 ɗin mai aiki wurinta daban. Ka ƙirƙiri sabon layi a Resource Sheet, ka kira shi kasafi, nau'insa Cost, ka danna shi sau biyu ka sa alama a akwatin Budget. Ba ya yarda a maƙala shi ko'ina sai a layin farko mai lamba 0 wanda ya tattare aikin duka, in ba ka ga layin ba ka kunna Project Summary Task. Sai ka koma Task Usage, ka ƙara shafin Budget Cost, ka rubuta 5,000,000. Ba ya shiga lissafin kashewa, yana nan ne kawai ka riƙa gwada jimillarka da shi.

Yanzu abin da ya sa na yi bidiyon nan kacokan. Kafin a sauke tifar yashi ta farko, ka je Project ka danna Set Baseline. Hoto ne manhajar take ɗaukar tsarinka yadda yake a ranar, kwanaki da kuɗi duka, ta adana. In ba ka yi ba, ranar da siminti ya tashi daga dubu 10 zuwa dubu 11 ka je ka gyara farashi, tsohon lissafin ya tafi kenan, ba ka da abin nuna wa mai aiki in ya ce kai ka ci kuɗinsa. In ka yi kuwa, shafin Variance shi zai fito maka da bambancin ƙarara. Har guda 11 take iya ajiyewa, saboda haka in mai aiki ya dawo ya ce a ƙara shago na uku, ka ajiye sabon a Baseline 1, kar ka goge na asali.

Bin sawu kuma duk sati ne, ni Asabar da yamma na fi so bayan an sallami ma'aikata, rasit na hannu. Ka sa Status Date, wato ranar da kake so lissafin ya tsaya a kai, ka shigar da kashi nawa aka yi a kowane aiki. Ka sani ita da kanta take lissafa abin da aka kashe daga farashin da ka ba ta, in kana so ka riƙa rubuta ainihin abin da ya fita daga aljihu sai ka je Options, Schedule, ka cire alamar da ta ce Project ne zai lissafa.

Amma kar kuɗin da aka kashe kaɗai ya ruɗe ka. A ce katangar miliyan 1 aka ware mata, an kashe dubu 600, sai ka ce ai da saura. To je ka duba, kashi 40 kawai aka gina, wato aikin dubu 400 ne a ƙasa. Raba 400 da 600, ya ba ka 0.67, shi ne CPI, ma'ana duk naira ɗaya da ta fita aikin kobo 67 ta yi. In aka ci gaba a haka katangar nan miliyan ɗaya da rabi za ta ci, kuma shafin EAC, wato ƙiyasin abin da aikin zai ci in an gama, a teburin Earned Value zai nuna maka wannan tun ana kan layin bulo na huɗu, lokacin da za ka iya kiran mai aiki ku zauna a ga ko tsayin katangar za a rage ko shago ɗaya ne zai jira.