Wake, wuta da waya: batutuwan kimiyya da ke jiran 'yan majalisa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Masu girma 'yan majalisar tarayya da na jihohi, malamaina da ke zaune a gaba, assalamu alaikum wa rahmatullah.

An ce in yi magana a kan batutuwan kimiyya da fasaha da za su shigo zaurukanku nan gaba kaɗan. Suna da yawa, lokacin kuwa gajere ne, don haka bari in fara da wake.

A Disamban 2019 aka amince a fitar da irin waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, ta samar. An saka masa wata ƙwayar halitta ce da ke sa tsutsar da ke cin fure da kwanson wake ta mutu idan ta ci. Masu binciken sun ce manomin da ke feshi sau 6 zuwa 8 a damina zai iya komawa sau 2. A Janairun 2024 masarar TELA, wadda ita ma aka saka mata sabbin ƙwayoyin halitta, ta biyo baya, sai ƙura ta tashi, har Majalisar Wakilai ta ce a yi bincike. Wasu na cewa guba ce, wasu na cewa ita ce maganin yunwa.

Ban zo in ce ku so shi ko ku ƙi shi ba. Abin da ya dame ni, tambayoyin da suka dace ba su ake yi ba. Hukumar NBMA, mai sa ido kan irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba da izini, to wa ke duba aikinta, kuma da wane ɗakin gwaji? Ana ta cewa a manna wa irin wannan abinci takarda don mai saye ya sani. Madalla. A kasuwar Dawanau fa, inda ake juye buhu a auna da kwano, ina za a manna takardar? Sannan ku tuna, a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wakenmu saboda maganin ƙwari, irin fiya-fiyar da ake zuba wa buhu a sito. Sabon irin bai magance wannan ba, domin ƙwaron ajiya daban ne da tsutsar gona. Gubar da muka tabbatar tana shiga tukunyar talaka ita ce ba ta samun ranar muhawara.

Sai wuta. Wannan naku ne, 'yan majalisar jihohi. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Lantarki ta 2023 sun ba jiha ikon samar da wuta, da rarraba ta, da kafa hukumarta mai sa ido. Enugu da Ekiti da Ondo sun riga sun karɓi ragamar daga NERC, hukumar tarayya mai sa ido kan wutar lantarki, tun 2024. A Oktoban 2024 kuma aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwana a duhu fiye da mako, masu niƙa da masu walda da masu ƙanƙara suka zauna. Rana kuwa Allah ya hore mana ita fiye da kowa a ƙasar nan. Amma kada a ɗauko dokar wata jiha a sauya mata suna kawai. Kamfanin KEDCO guda ne ke ba Kano da Katsina da Jigawa wuta. Idan kowace ta yanka nata farashin, ta kafa nata sharaɗin, wa zai zuba kuɗinsa a nan? Ku zauna tare kafin kowa ya rubuta tasa.

Maganar waya ba zan daɗe a kai ba. An daɗe da amincewa cewa kuɗin izinin haƙa ramin shimfiɗa wayar intanet kada ya wuce naira 145 a kowace mita, Kaduna ma ta yafe shi gaba ɗaya a 2020. Ku bincika nawa ake karɓa a jiharku. Akwai kuma abin da ya faru a Satumban 2021, da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ko ya yi amfani ko bai yi ba, majalisa ce ya kamata ta rubuta wa ke da ikon ba da wannan umarni, na tsawon wane lokaci, kuma wa zai zo ya yi bayani bayan an buɗe.

Na san kuna jira in ambaci ƙirƙirarriyar basira, tunda ita ake yayi. Turai ta yi dokarta a 2024, kuma za a kawo muku kwafinta, in ba a riga an kawo ba. Kafin ku karɓa, ku tambayi yadda Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ke aiki. Ku tambaya kuma, idan aka haɗa muryar wani malami ko ɗan takara da Hausa yana faɗin abin da bai faɗa ba, ya bazu a WhatsApp ana gobe zaɓe, wace hukuma ce za ta iya tantancewa kafin gari ya waye?

Duk waɗannan, ranka ya daɗe shugaban taro, wuri ɗaya suke komawa. Minista yana zuwa da ƙwararrunsa, kamfani yana zuwa da nasa, ɗan majalisa kuwa daga shi sai takardar da suka miƙa masa. Majalisar Birtaniya ta kafa ofishinta na ba da shawara kan kimiyya tun 1989, aikinsa rubuta gajeren bayani marar ɓangaranci kafin a shiga muhawara. Mu ma muna da NILDS, cibiyar nazarin harkokin majalisa da dimokuraɗiyya, a Abuja, muna da jami'o'i a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri. Ku sa layi a kasafin baɗi na ƙaramin ofishi irin wannan, ku rubuta a ƙa'idojin zaure cewa duk ƙudurin da ya shafi kimiyya ba zai wuce karatu na biyu ba sai da bayanin wannan ofishi a haɗe.

Na ga an ɗaga mini takarda. Sauran sai a wajen tambayoyi. Wassalamu alaikum.