Halin Da Ma'aikatan Lafiya Na Matakin Farko Ke Ciki

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau ya shafi ma'aikatan kiwon lafiya na matakin farko, wato likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi da jami'an lafiyar al'umma, waɗanda su ne mara lafiya ke fara tararwa kafin maganar babban asibiti ta taso.

Tun a watan Satumban 1978, lokacin da ƙasashen duniya suka hallara a birnin Alma-Ata na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, aka amince cewa wannan mataki shi ne ginshiƙin samar da lafiya ga kowa, kuma an sake jaddada hakan a Astana, babban birnin ƙasar Kazakhstan, a 2018. Sai dai a tsawon shekaru 40 ɗin da ke tsakani, an fi karkata ga zancen gine-gine da magunguna da allurar rigakafi, shi kuwa wanda ke buɗe ƙofar asibitin kowace safiya ba a cika tambayar yadda ya kwana ba.

Aikin nasa ba ƙarami ba ne. A wuni guda zai yi awon ciki, ya duba yaro mai zazzaɓi, ya auna dattijo mai hawan jini ko ciwon suga, ya saurari wanda damuwa ce ta kawo shi amma ya ce kansa ne ke ciwo, sannan bayan kowa ya watse ya zauna cike rajista da rahotanni. Likitan da ke babban asibiti yana da abokan aiki a ɗakin da ke kusa, yana iya leƙawa ya yi shawara. Na ƙaramin asibiti kuwa sau da yawa shi kaɗai zai yanke hukuncin wanda za a sallama da wanda za a tura gaba cikin gaggawa, kuma da nauyin wannan hukunci zai koma gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen cewa zuwa 2030 duniya za ta yi ƙarancin ma'aikatan lafiya sama da miliyan 10, galibi a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma duk wanda ya ajiye aiki ko ya tafi ƙasar da ta fi biya, marasa lafiyarsa kan waɗanda suka rage suke komawa.

A 2019 hukumar ta sanya matsananciyar gajiyar aiki a cikin kundinta na rarraba cututtuka, bugu na 11, a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa. Ta ambaci alamu uku: ƙarewar kuzari, da fitar aikin daga ran mai yinsa har ya riƙa kallonsa da ƙosawa, da raguwar ƙwazo. Abin lura shi ne inda aka ɗora tushen matsalar, wato matsin aiki da ya daɗe ba a magance shi ba. Saboda haka idan ungozoma ta kwana uku a jere tana karɓar haihuwa, ba wanda zai canje ta, albashinta kuma ya makara, to a kira ta taron koyon kwantar da hankali ko a ce mata ta ƙara haƙuri kauce wa gaskiya ne. Haƙurin ai da shi take aikin tun farko. Abin da take buƙata shi ne jadawalin da ya ba ta hutu, da kayan kariya, da biya a kan lokaci, da tsaro daga masu zuwa su ci zarafinta. Ƙa'idojin da hukumar ta fitar a 2018 kan jami'an lafiyar al'umma sun nemi a biya su daidai da aikinsu, a kuma ba su yarjejeniyar aiki a rubuce, wanda ke nuna yawan waɗanda ake mora da sunan sa kai, mafi yawansu mata.

Sai batun ƙarin ilimi, inda a ganinmu aka fi yin asarar kuɗi. An saba kwashe ma'aikata zuwa bita ta 'yan kwanaki, a raba takardar shaida, kowa ya koma inda ya fito ba tare da wani ya sake bibiyar ko abin da aka koyar ya shiga aiki ba. Jami'in sa ido ma idan ya zo, takardu yake dubawa yana neman kuskure, har ma'aikaci ya koyi ɓoye abin da bai sani ba, alhali a harkar lafiya babu abin da ya kai wannan haɗari.

Akwai hanyoyin da aka gwada suka ɗore. A shekarun 1950, wani likita masanin halayyar ɗan Adam mai suna Michael Balint ya fara tara likitocin iyali a Landan cikin ƙananan rukunoni, suna tattauna marasa lafiyar da suka tsaya musu a rai, kuma har yau ana irin wannan zama a ƙasashe da dama. A 2003 kuma wani likitan hanta a Jami'ar New Mexico ta Amurka, Sanjeev Arora, ya ƙirƙiro shirin ECHO, inda ma'aikatan karkara ke haɗuwa da ƙwararru ta bidiyo a kai a kai, su gabatar da matsalolin da suka ci karo da su, har suka iya jinyar ciwon hanta nau'in C a asibitocinsu. Duka biyun sun rage wa ma'aikaci kaɗaici, sun kuma ba shi wurin da zai ce bai gane ba ba tare da fargabar hukunci ba.

Amma irin wannan zama ba ya yiwuwa sai hukumomi sun ware masa sa'o'i a cikin lokacin aiki, sun tanadi wanda zai riƙe asibitin kafin a tashi, sun kuma lissafa shi a ma'aunin ƙarin girma, domin ma'aikaciyar jinyar da ta shekara 15 a ƙaramin asibiti ta samu ci gaba a nan inda take, ba sai ta nemi canji zuwa birni ko ofis ba.