Takardar hutun rashin lafiya: abin da likita ke sa wa hannu

Lacca ce da aka yi wa sababbin likitoci a Katsina, an rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. Malamaina da 'yan uwa likitoci, barkanmu da warhaka.

Mu fara da doka. Sashe na 16 na dokar ƙwadago ta Najeriya ya ba ma'aikaci hutun jinya har kwana 12 na aiki a shekara, da albashinsa, matuƙar likita mai rajista ya tabbatar da rashin lafiyar. Ma'aikatan gwamnati suna da nasu ƙa'idojin, kuma in jinya ta yi tsawo, kwamitin likitoci ake turawa, ba likita ɗaya ke ta sabunta takarda ba.

To, me kake shaidawa in ka sa hannu? Ba cewa mutum ba shi da lafiya ba. Kana shaida cewa ba zai iya aikinsa ba. Shi ya sa tambayar farko ita ce: "Malam, wane aiki kake yi?" Karaya a wuyan hannun hagu, an ɗaura filasta mako shida. Malamin makaranta zai iya komawa aji bayan 'yan kwanaki. Direban da ke jigila tsakanin Katsina da Daura fa? Ko birkila? Ciwo ɗaya, takarda daban. Wani ma ba hutu yake buƙata ba, sassaucin aiki ne: ka rubuta kada ya ɗauki kaya mai nauyi, kada ya yi aikin dare na mako biyu.

Mai sauƙi shi ne zazzaɓin cizon sauro: gwaji ya nuna, magani kwana uku ne, hutu kwana biyu zuwa uku ya wadatar. Tarin fuka kuwa magani wata shida ne, amma ba hutun wata shida ba ne. Bayan kamar mako biyu yana shan magani daidai, haɗarin yaɗa shi ya ragu sosai, sai a duba ƙarfin jikinsa.

Inda gizo ke saƙa shi ne ciwon da ba ya fita a gwaji. Ciwon baya, ciwon kai, ciwon damuwa. Hoto zai iya fitowa lafiya ƙalau alhali mutum bai iya sunkuyawa ya yi alwala. Wani kuma lafiyarsa lau, biki ne da shi a Funtuwa. Kai ba alƙali ba ne, ba ɗan sanda ba. Ka duba shi, ka rubuta abin da ka gani a fayil, ka ba shi kwana kaɗan, ka ce ya dawo. Mai ciwon gaske yakan dawo.

Sai batun mayar da kwanan wata baya. Mutum ya zo ranar Alhamis, yana so takarda ta fara daga Litinin. Ba ka gan shi Litinin ba. Iyakarka ka rubuta ranar da ka duba shi, ka ƙara cewa shi ya faɗa ciwon ya fara tun Litinin. Haka wanda ya aiko ƙanensa da kati, ko kawunka da ya bugo waya kan ɗan abokinsa. Garin nan kowa ya san kowa, na sani, kunya tana da nauyi. Amma takardar ƙarya laifi ce a gaban MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitoci a Najeriya, tana iya kai ga dakatar da lasisi, kuma ranar ba sunan kawu ke jikin takardar ba.

Sirri kuma. Takardar nan hannun masinja za ta bi, ta kwana a teburin akawu. Kada ka rubuta sunan cuta sai da yardar mai ita, musamman ƙanjamau, taɓin hankali ko ɓarin ciki. "Ba zai iya aiki ba daga rana kaza zuwa rana kaza" ya isa. In shugabansa ya kira yana neman bayani, ka tabbatar masa takardar taka ce, ka tsaya nan.

Ku rubuta adadin kwanakin da lamba da kuma kalmomi, don 3 ba ta da wuyar komawa 13 ko 30. Ku ajiye kwafi a fayil. Hatiminku kuma ya kwana a aljihun tebur mai makulli, kada a bar shi a ɗakin duba marasa lafiya in an fita salla.