Wa Ya Ja Layin? Lacca Kan Tarihin Ƙwayoyi, Dokokinsu da Illarsu ga Jiki

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamai, ɗalibai, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da war haka.

Zan fara da tambaya, kowa ya amsa a zuciyarsa. Cikin abubuwan da ɗan Adam yake sha don ya canja yanayinsa, wanne ya fi kashe mutane a duniya? Na san da yawanku zukatanku sun tafi ga hodar iblis ko hiroyin. To, ku saurari alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya. Taba sigari tana kashe sama da mutum miliyan 7 a kowace shekara. Barasa ta kashe kimanin miliyan 2.6 a shekarar 2019. Sauran ƙwayoyin duka, in an haɗa su wuri guda, sun kashe kimanin dubu 600 a wannan shekarar. Biyun farko, a yawancin ƙasashen duniya, a fili ake sayar da su, gwamnati ma tana karɓar harajinta a kai.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na wanke hiroyin. Masu shan taba sun ninka masu shan hiroyin nesa ba kusa ba, shi ya sa gawarwakinsu suka fi yawa. Abin da nake so ku riƙe shi ne, layin da ya raba abin da doka ta yarda da shi da wanda ta hana, likitoci ba su kaɗai suka ja shi ba. Da hannun 'yan kasuwa a ciki, da na 'yan siyasa, har da na sojoji. Bari in nuna muku.

Mu koma ƙasar Sin, shekarar 1839. Turawan Birtaniya suna sayen shayi a hannun Sinawa, amma ba su da wata haja da Sinawa ke marmari. Sai suka samo ta: ofiyom, wato busasshen ƙaron da ake tatsa daga kwanson wata fulawa, wanda ake nomawa a Indiya ƙarƙashin ikonsu. Sarkin Sin ya ga jama'arsa suna lalacewa, azurfar ƙasar tana ficewa, ya tura wani jami'i mai suna Lin Zexu. Mutumin nan ya ƙwace akwatunan ofiyom kimanin dubu 20, ya lalata su. Birtaniya ta aiko da jiragen yaƙi. Aka gama yaƙin a 1842 da yarjejeniyar Nanjin, Sin ta biya diyya, ta kuma miƙa tsibirin Hong Kong. Aka sake gwabzawa daga 1856 zuwa 1860. Ku dubi wannan da kyau, jama'a: ƙasa ce ta hana ƙwaya, wata ƙasa ta zo da igwa ta ce sai an sha.

A daidai wannan ƙarnin, masana harhaɗa magunguna a Turai suna nasu aikin. Wajen 1805 wani matashi Bajamushe, Friedrich Sertürner, ya tace sinadarin mofin, mai kashe zafin ciwo, daga ofiyom. Wannan babbar rahama ce, kuma har gobe mofin yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata asibiti ya rasa su ba. Daga mofin ɗin ne aka sarrafa hiroyin a Landan a 1874. A 1898 kamfanin Bayer na Jamus ya fito da ita kasuwa a matsayin maganin tari. Maganin tari, a kwalba, da sunan kamfani a jiki. Ita ma hodar iblis, an tace ta daga ganyen koka wajen 1860, kuma a 1884 wani likita a birnin Biyana na ƙasar Austiriya, Carl Koller, ya nuna tana kashe zafi a ido har a yi tiyata majiyyaci bai ji ba. Lemon Coca-Cola da ya fito a 1886 yana ɗauke da ita, sai a farkon ƙarni na 20 aka cire.

Dokokin sun biyo baya ne, kuma ba zan ɓata lokacinku a kansu ba. An yi taro a Shanghai a 1909, aka ƙulla yarjejeniyar farko ta ƙasa da ƙasa a birnin Heg na ƙasar Holan a 1912. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tattara tsofaffin yarjeniyoyi wuri guda a 1961, ta ƙara wata a 1971 kan ƙwayoyin da ake harhaɗawa a ɗakin gwaji, sannan ta 1988 kan masu safara. Kusan duk dokar ƙwaya da ake aiki da ita a duniya yau daga waɗannan ukun ta tsiro. Ku bincika su, ba za ku ga barasa ba, ba za ku ga taba ba.

Amurka ta taɓa gwada hana barasa baki ɗaya, daga 1920 zuwa 1933. Shan ya ragu, musamman da farko, wannan gaskiya ne. Amma cinikin ya koma hannun 'yan daba irin su Al Capone, mutane kuma suka riƙa makancewa ko mutuwa saboda gurɓatacciyar barasar ɓoye. Aka janye dokar. Ita kuwa taba, sai a 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka nuna alaƙarta da sankarar huhu a Birtaniya, babban likitan gwamnatin Amurka ya tabbatar a 1964, amma duniya ba ta samu yarjejeniya a kanta ba sai 2003. Sama da shekara 50 kamfanoni suna jayayya, mutane suna mutuwa. Wannan yana ci mini rai duk sanda na tuna.

To, me ƙwaya take yi a jiki? Nan zan ɗan zauna, don nan ne aka fi kuskure.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wata hanya da ke sa mutum ya ji daɗi in ya ci abinci yana jin yunwa, ko ya ga wanda yake ƙauna. Wani sinadari mai suna dofamin ne ɗan aike a wannan hanya, aikinsa ya ce wa ƙwaƙwalwa: wannan abu yana da muhimmanci, a sake. Nikotin da ke cikin taba, da barasa, da hodar iblis, da dangin ofiyom irin su mofin da hiroyin, kowanne da ƙofar da yake shiga, amma duk a wannan hanyar suke haɗuwa, su cika ta fiye da yadda aka halitta ta. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta son ambaliya, sai ta rage nata. Daga nan abin da ya ishi mutum jiya ba ya isarsa yau. Yau da gobe, sai ya kai inda ba don daɗi yake sha ba, yana sha ne don ya iya tsayuwa da ƙafarsa, don hannunsa ya daina rawa, don barci ya zo. Wannan ita ce jaraba. Shi ya sa idan ka ce da mai jaraba "kai dai ka daina mana", kana magana ne da sashen ƙwaƙwalwar da cutar ta riga ta raunana. Laifinsa na farawa yana nan, ban goge shi ba. Amma inda ya kai yanzu, majiyyaci ne.

Kowacce kuma da irin kisan da take yi. Taba tana yin nata a hankali, ta huhu da zuciya da jijiyoyin jini, kuma tana iya kashe rabin waɗanda ba su daina ba. Barasa tana ƙona hanta, tana jawo sankara iri-iri, ga haɗarin mota. Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: wanda jikinsa ya riƙe barasa sosai, in ya yanke lokaci guda ba kulawar likita, jijjiga da ruɗewa na iya kama shi har ya rasa ransa. Hodar iblis tana matse jijiyoyi ta zaburar da zuciya, matashi lafiyayye ya faɗi da bugun zuciya. Tabar wiwi, ga wanda ya fara da ƙuruciya kuma yake zuƙar mai ƙarfi kullum, tana ƙara haɗarin taɓin hankali. Tiramadol in ya yi yawa yana kawo farfaɗiya. Masu allura kuma, in suna karɓa-karɓa da sirinji ɗaya, ga ƙanjamau ga ciwon hanta.

Dangin ofiyom su ne masu kisan gaggawa, domin suna danne cibiyar numfashi. Mutum ya yi barci, numfashi ya riƙa raguwa har ya tsaya. Ku dubi abin da ya faru a Amurka. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin, halastaccen maganin ciwo, ya tallata shi ga likitoci da cewa haɗarin jarabarsa kaɗan ne. A 2007 aka amsa laifin yaudara a gaban kotu. Amma bakin alƙalami ya bushe: mutane da yawa da suka fara da takardar likita sun koma hiroyin, daga nan suka faɗa kan fentanil, wanda ya ninka hiroyin ƙarfi kamar sau 50. A 2021 kaɗai, sama da mutum dubu 100 suka mutu a ƙasar ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima. Labarin kwalbar 1898 ne ya sake dawowa bayan shekara ɗari.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, wanda ba a cika faɗa ba. Tsoron jaraba da tsaurin dokoki sun sa mafi yawan mutanen duniya suna zaune a ƙasashen da mofin ke wuyar samu a asibiti. Mai sankara a kwanakinsa na ƙarshe yana ihu, alhali maganin yana da arha kuma an san shi shekara 200. Dokar da aka kafa don kare wani ta bar wani cikin azaba.

Ƙasashe suna ta gwaje-gwaje. Fotugal a 2001 ta daina gurfanar da wanda aka kama da abin da bai wuce na shan kwana 10 ba. Ana tura shi gaban wani kwamiti mai jami'an lafiya da na jin daɗin jama'a, dillali kuwa kotu tana jiransa kamar da. Masu kamuwa da ƙanjamau ta allura sun ragu ƙwarai. A ganina sirrin yana wajen kuɗin da suka zuba a jinya, domin sassauta doka ba tare da asibiti ba sakaci ne. Yurugwai a 2013 da Kanada a 2018 sun halatta wiwi. Ni dai ina da shakka a kan wannan, saboda na ga abin da kamfanonin taba suka yi da aka sakar musu kasuwa.

Na ga an miƙo takarda daga baya. Wata 'yar uwa tana tambaya, idan aka tarar da mutum ya sha dangin ofiyom ya sume, me za a yi? Malama, ki duba abu uku: ba ya farkawa ko an girgiza shi, numfashinsa ya yi ƙasa ko yana wani irin minshari, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura. A nemi taimakon asibiti nan take. A kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa komai a baki, kada kuma a ce a bar shi ya yi barci zai warware. Akwai magani mai suna naloksan, allura ko feshin hanci, yana dawo da numfashi cikin 'yan mintuna, sai dai ƙarfinsa yana iya ƙarewa kafin na ƙwayar, don haka ko ya farka a kai shi asibiti. Sannan ki faɗa wa duk wanda ɗan uwansa ya fito daga gidan gyaran hali ko kurkuku: makonnin farko su ne mafi haɗari, domin jiki ya manta da ƙwayar, adadin da ya saba sha a da yanzu yana iya kashe shi.

Shugaban taro yana nuna mini agogo. Sauran takardun a ajiye su, za mu ɗauke su bayan hutu.