Zafi da Ruwan Sama a Kaduna: Abin da Ya Sauya da Abin da Ya Jawo Shi

Assalamu alaikum, masu kallo. Masana yanayi ba sa yanke hukunci da damina ɗaya ko bazara ɗaya, sai sun tara bayanan aƙalla shekara 30 kafin su ce yanayin wani wuri ya sauya. Da wannan ma'auni za mu dubi garin Kaduna.

Rahoton kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi na 2021 ya nuna cewa zafin duniya ya ƙaru da kusan digiri 1.1 a kan na tsakanin 1850 da 1900, sannan 2024 ta zama shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye bayanai. Ƙona fetur da kwal da iskar gas, tare da sare dazuzzuka, su ne tushen hakan.

Batun ruwan sama ya fi wannan sarƙaƙiya. Arewa ta sha fari mai tsanani a 1972 zuwa 1973, ta sake shan wani a 1983 zuwa 1984, kuma daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa. Sai dai bai dawo yadda ya tafi ba. Kaduna kan sami sama da milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Mayu da Oktoba, amma jimillar shekara tana iya yaudarar mutum, domin ruwan da ya kamata ya sauka sannu a hankali cikin makonni yana iya zubowa a dare ɗaya. Dalilin kuwa shi ne, duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri 1, tana iya ɗaukar ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100, saboda haka idan hadari ya haɗu, sai ya sauke kamar da bakin ƙwarya. Manomi kuma, wanda ya yi shuka da ruwan farko, sai ya shafe kwanaki yana duban sama.

Yanzu sai rabon da garin kansa yake da shi, wanda ba a cika ambatonsa ba. Tun da Kaduna ta zama hedkwatar Arewa a 1917 take faɗaɗa, har ta cinye gonaki da fadamu a wajen Rigasa da Mando da Sabon Tasha, ta kuma ci gefen dajin Afaka. Kwalta da siminti da kwanon rufi suna shan zafin rana da yini, su riƙa sakinsa bayan faɗuwarta, shi ya sa a watannin Maris da Afrilu ɗaki ba ya yin sanyi ko da tsakar dare. Bishiyar da aka sare tana ba da inuwa, tana kuma sanyaya iska da danshin ganyenta, kuma babu ginin da ke yin wannan aiki.

Simintin nan dai shi ne ke hana ruwa nutsewa cikin ƙasa. Ruwan sai ya bi kwatocin da shara da leda suka toshe, ya gangara Kogin Kaduna da sauri, ya tarar an yi gidaje a inda da can yake malala. Ambaliyar 2003 da ta 2015, da yadda mazauna Kigo Road ke kwana cikin fargaba idan Agusta da Satumba suka zo, ba sauyin yanayi kaɗai za a ɗora wa laifinsu ba.

Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, kuma yana da amfani ƙwarai ga manoma. Amma da dama daga cikin tashoshin auna yanayi suna filayen jirgin sama ne, a sarari mai iska, don haka abin da suke aunawa yana iya gaza zafin da mazaunin Tudun Wada ke ji a ƙarƙashin kwanonsa.