Tura Hoton Karkanda Ba Ya Kai Ko Kwabo Gandun Daji

Wani hoto na mai gadin daji durƙushe ya haɗa goshi da karkanda, ya sake zagaye wayoyin mutanen Birnin Kebbi da Argungu, tare da rubutun da ke cewa duk wanda ya tura wa mutum goma, za a zuba kuɗi a asusun ceto dabbar. Hoton gaskiya ne. Sunan karkandar shi ne Sudan, namiji na ƙarshe a jinsin farar karkanda ta arewa, kuma ya mutu a gandun Ol Pejeta na Kenya a watan Maris na 2018, ya bar mata biyu kacal a jinsin, Najin da Fatu.

Ƙahon da ake kashe karkanda dominsa, ana kai shi kasuwannin Asiya, sinadarinsa ɗaya ne da farcen hannunmu. A 2014 kaɗai, mafarauta sun kashe karkanda 1,215 a Afirka ta Kudu.

To, ga inda aka ruɗe. Tura hoto ta WhatsApp ko danna alamar so a Facebook ba ya motsa kuɗi daga ko'ina, sai fa idan wani kamfani ya fito fili da sunansa ya yi wannan alkawari. Aikin hoto shi ne ya kai mutum bakin ƙofa, wato shafin ƙungiyar da ke tara gudummawa. Kuɗi ba sa tashi sai mutum ya buɗe shafin, ya rubuta adadin da zai bayar, ya sa bayanan katinsa, bankinsa ya cire, rasit ya shigo masa. Kafin ku kai nan, ku dubi adireshin shafin harafi bayan harafi, domin 'yan damfara kan sauya harafi guda su kwaikwayi ƙungiyar gaskiya. A ganina, duk wanda ya turo lambar asusu mai sunan mutum ɗaya, a bar shi da abinsa.

Idan kuɗin suka isa, ga abin da suke zama: albashin masu gadi, man motar sintiri, abincin karnukan bin sawu, da 'yar na'urar da likitan dabbobi ke dasawa cikin ƙaho don a san inda dabbar ta kwana.

Abin da ke sosa mini rai shi ne baƙar karkanda ta yammacin Afirka, wadda ta yi saura a arewacin Kamaru, nan maƙwabtanmu, har aka tabbatar da ƙarewarta a 2011.