Lissafin Tafiya Kudu: Laccar Da Aka Yi Wa Matasa A Gumel

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. An ce in yi magana kan lissafin doguwar tafiya, abu huɗu zan faɗa in lokaci ya bari.

Na farko, kuɗin mota. Daga Kano zuwa Ikko tafiyar wajen kilomita 1,000 ce, ko ka bi ta Mokwa da Jebba da Ilori, ko ta Abuja da Lokoja. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da yayanka ya biya bara ba shi za ka biya bana ba. Ka aika a tambayo maka a tasha. Daga nan zuwa Kano ma kuɗi ne, na kaya kuma daban.

Na biyu, nan zan daɗe, ku yi haƙuri: kuɗin dawowa. Jama'a, kuɗin dawowa! Kafin ka ɗora ƙafa a mota ka ware shi, ka ɗaure shi, ka ɗauka ba naka ba ne. Yaro zai sayar da tunkiyar uwarsa, ya biya kuɗin zuwa, wai in ya isa Agege zai samu aiki. To in bai samu ba fa? Sai a riƙa bugo waya gida ana cewa a turo. Wa zai turo? Uwar da tunkiyarta ta riga ta tafi? Ku dai yi dariya, akwai wanda na gani yana sunkuyar da kai a nan. Kuma kada ka haɗa shi aljihu ɗaya da na abinci. Mota ta tsaya Mokwa, ƙanshin tsire ya bugi hancinka, hannu ba ya tambaya. Masu kai shanu kudu daga kasuwar Maigatari sun fi mu sanin wannan, ku tambaye su. Na dawowa daban, na sake faɗa.

Na uku, kuɗin ko-ta-kwana. Mota tana lalacewa. Taya ta fashe, ko a yi muku juye, ko ku kwana a hanya, kwanan hanya kuwa ci ne da sha. Guzuri kuma, ƙuli-ƙuli da garin kwaki da dabino sun isa.

Na'am, Alhaji? Tambaya yake, a riƙe tsaba ko a bar su a banki. Alhaji, Allah ya ƙara girma, raba su za a yi. Mun ga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, mutum da kuɗinsa a asusu ya rasa na ruwan leda. Kuma akwai dajin da babu sabis, mai POS ma sai ya cire ladansa. Ka riƙe ƙananan canji a aljihun gaba, na dawowa ka bar shi a kati. Tsaraba kuwa, an yi kiran La'asar, sai wani zaman.